Haƙori Ba Ya Faɗuwa Rana Ɗaya: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai, Birniwa



Ya mai girma Shugaban Ƙungiya, iyayenmu malamai, 'yan'uwana tsofaffin ɗalibai. Ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, amma abin da ya ci ni shi zan faɗa muku.

Shekaru ina ganin jini a asuwakina, ina cewa zafi ne. Ran nan ina shan rake, sai na ji turmin haƙorina yana girgiza. Da na je asibiti, likita ya ce ai haƙorin lafiyarsa ƙalau, ƙashin da ke riƙe da shi ne ya zaizaye. Dole aka cire shi.

Ga yadda abin yake. Dattin da ke taruwa a gindin haƙori cike yake da ƙwayoyin cuta. In ya daɗe sai ya daskare, buroshi ba ya iya fitar da shi. Sai dasashi ya kumbura, ya saki haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A baki mai lafiya zurfin wurin bai wuce milimita 3 ba. In ya zarce haka, cutar ta fara cin ƙashi, kamar yadda Kogin Haɗeja ke cinye gindin bishiya har ta kife. Mugun abin shi ne, da wuya ya yi ciwo sai ya yi nisa. Shan taba da ciwon suga kuwa suna ƙara masa ƙarfi.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ce mutum fiye da biliyan 1 ke fama da matsanancin ciwon dasashi.

Maganinsa kuwa, likitan haƙori zai kankare dattin har can ƙarƙashin dasashi. In ramin ya yi zurfi, sai an yi aiki, kamar yadda ake yi a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Ana iya tsayar da cutar, amma ƙashin da ya tafi da wuya ya dawo.

Saboda haka, 'yan'uwa, mu goge baki safe da dare, har tsakanin haƙora. Wanda ya ga jini, ko warin baki ya ƙi barinsa, ya nemi likitan haƙori tun kafin haƙori ya fara motsi. Ni na biya kuɗin sakacina da turmi guda. Kada wani ya biya da baki duka.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani.