Hannun da Ya Taɓa Kuturu: Jawabi ga 'Yan Kasuwa da Iyalan Zango

Na san da yawa daga cikinku sun bar rumfa a hannun yaro kafin su zo nan, saboda haka ba zan riƙe ku fiye da kima ba. Maganar da na zo da ita ta shafi cutar da ba a son a ambaci sunanta a gaban abinci, wato kuturta. Zan shiga cikinta ta ƙofar maƙwabtanmu 'yan Katolika, kuma dalilin hakan zai bayyana nan gaba kaɗan.

Duk wanda ya tashi a Nima ko Mamobi ya san ba a raba mu da katanga ba. Cocin Saint Kizito yana nan a Nima, Babban Masallacin Ƙasa da aka buɗe a 2021 yana nan Kawukudi, famfo ɗaya muke ɗiba, layi ɗaya muke bi a asibiti. Da yawanku kuna tuna ranar 21 ga Afrilu, 2019, Lahadin Ista, lokacin da Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya ziyarci cocin Christ the King yana gab da cika shekara ɗari a duniya. Hoton ya zaga ko'ina, aka yi ta yabon zaman lafiyar Ghana, kuma yabon ya dace. Amma kaɗan ne suka tambayi ko wane ne limamin cocin da ya tarbe shi. Sunansa Fada Andrew Campbell, haifaffen ƙasar Ailan, ya zo Ghana a 1971. A 1993 ya kafa kwamitin taimakon kutare, kuma tun daga nan sunansa ya haɗu da gidan kutare na Weija, can yammacin Akra a kan hanyar Kasoa.

Abin da nake so ku riƙe game da mutanen Weija shi ne sun warke. Ƙwayar cutar ta mutu a jikinsu tun da daɗewa, ba za su iya shafa wa kowa komai ba. Abin da ya zaunar da da yawa daga cikinsu a can shi ne gida bai karɓe su ba. Likita ya sallame su, dangi ba su buɗe ƙofa ba.

A cocin Katolika akan karanta wani labari daga farkon Linjilar Markus. Wani kuturu ya zo ya durƙusa a gaban Yesu Almasihu yana roƙon a tsarkake shi, tausayi ya kama Yesu, ya miƙa hannu ya taɓa shi, mutumin ya warke nan take. Musulmi ma ba baƙo ba ne a wannan magana, domin Alƙur'ani ya ambaci cewa Annabi Isa, alaihissalam, yana warkar da makaho da kuturu da izinin Allah. Yana nan a Suratu Ali Imrana da Suratul Ma'ida. To, mai sauraro yakan tsaya a kan warkewar, saboda ita ce abin al'ajabi. Ni kuwa ina so mu dubi abin da ya zo kafin ta da abin da ya biyo bayanta. A dokar Yahudawa ta wancan zamani, mai irin wannan ciwo a bayan gari yake zama, kuma wanda ya taɓa shi ya ƙazantu. Wanda ke iya warkarwa da kalma daga nesa ba ya bukatar ya kai hannu, amma ya kai. Bayan haka kuma bai ce masa ya wuce gida kai tsaye ba. Ya aike shi wurin firist, wanda a lokacin shi ne mai duba fata ya tabbatar ko mutum ya warke, don a shaida a mayar da shi cikin jama'a. Ashe ko mu'ujizar ma sai da aka kai ta aka duba.

Wannan ɗabi'a ta dubawa ba ta bar cocin Katolika ba, kuma a ganina nan ne masu tallar waraka na zamaninmu ya kamata su ji kunya. A ƙasar Faransa akwai garin Lourdes, inda miliyoyin mutane ke zuwa ziyara da marasa lafiyarsu tun bayan 1858. A 1883 aka kafa ofishin likitoci a wurin, aikinsa shi ne ya binciki duk wanda ya ce ya warke. Sai an ga takardun asibiti da ke nuna ciwon na gaske ne kuma mai tsanani. Sai warkewar ta zo farat ɗaya, ta cika, ta ɗore shekaru ba tare da ciwon ya dawo ba, kuma ba a sami wani magani da mutumin ya sha wanda zai iya zama sanadi ba. Fiye da mutum dubu bakwai sun kai labarinsu wannan ofishi, waɗanda coci ya amince a kira nasu mu'ujiza ba su kai tamanin ba. Ku auna wannan da mutumin da ke shiga mota da jaka, kwalba ɗaya tana maganin basir da hawan jini da ciwon sukari da rashin haihuwa. Ku auna shi da inda ake karɓar kuɗin mara lafiya a ce ya zubar da ƙwayoyin asibiti don ya nuna ƙarfin imaninsa. Ba na kiran sunan kowa, kuma irin wannan ba na addini ɗaya ba ne. Kowa ya san na unguwarsa.

A cocin unguwa, idan wani ya kwanta, Fada yakan je gida ko asibiti ya yi masa addu'a ya shafa masa mai a goshi da tafin hannu. Akwai ƙungiyar Saint Vincent de Paul, wadda membobinta ke tara ɗan abin da ya samu su kai wa mabukata har gida. Kowace shekara ranar 11 ga Fabrairu suna da ranar tunawa da marasa lafiya. Duk da haka cocin nan shi ne ke da asibitoci da dakunan shan magani birjik a Ghana, a ƙarƙashin ƙungiyar lafiya ta Kirista da aka kafa a 1967. Hannun da ya shafa mai shi ne ke nuna wa mutum hanyar likita. Mu ma a Zango mun san dubiya, mun san kai kunu da sabulu gidan mara lafiya, mun kuma ji daga malamanmu cewa neman magani ba ya warware tawakkali. Inda muke tuntuɓe shi ne idan ciwon ya zama kuturta. Nan ne ƙafa ke yin nauyi.

Bari in faɗa muku abin da ita cutar take. Ƙwayar cuta ce ke kawo ta, wani likita ɗan ƙasar Norwe mai suna Hansen ya fara ganinta a madubin bincike a 1873. Ba gado ba ce, ba sammu ba ce, ba alhakin wani ba ne, uwa kuma ba ta ba ɗan da ke cikinta. Tana fita ta numfashi, daga hanci da bakin wanda bai fara shan magani ba, kuma sai an yi watanni ana zaune tare kurkusa kafin ta kama wani. Musafaha ba ta kawo ta, cin tuwo a kwano ɗaya ba ya kawo ta, zama kusa a mota ba ya kawo ta. Mafi yawan mutane, kusan casa'in da biyar cikin ɗari, jikinsu yana kashe ta ba su ma sani ba. Tana da jinkiri ƙwarai: takan yi kamar shekara biyar a jiki kafin ta nuna, wani lokaci har ashirin.

A wannan shekara ta 1873 wani Fada ɗan Beljiyam mai suna Damien ya sauka a tsibirin Molokai, inda ake jibge kutare. Ba shi da maganin da zai ba su. Ya wanke musu gyambo, ya gina musu ɗakuna, ya ci tare da su, har cutar ta kama shi bayan shekaru, ya rasu a 1889. Na kawo shi ne don ku ga tazarar da ke tsakaninmu da shi. Tun farkon shekarun 1980 ake da haɗin magani mai kashe cutar gaba ɗaya, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke rarraba shi kyauta. Wata shida ne ga mai ƙaramin kamu, wata goma sha biyu ga mai babba. Da zarar mutum ya fara sha, ya daina yaɗa ta. Abin da kakanninmu suke roƙo da hawaye yau yana cikin kwali, ba a biyan ko sidi ɗaya. Duk da haka ana samun kimanin mutum dubu ɗari biyu sababbi a duniya kowace shekara, Najeriya kaɗai tana samun fiye da dubu ɗaya, Ghana ma ba ta rabu da ita ba.

Ga wurin da nake roƙon iyayenmu mata su saurara da kyau. Kuturta ba ta cin yatsa da kanta. Jijiya take kashewa, sai fata ta daina jin zafi. Mai suyar ƙosai mai ya fallatsa mata a hannu ba ta ji ba. Mai dafa wake da shinkafa ta ɗauki tukunya daga wuta da hannu tsirara, sai da ta ga bororo ta sani. Mai dako ya taka ƙusa ya yi yini yana tafiya a kai. Rauni ya bi rauni, ya ruɓe, a hankali yatsa ya gajarce. Magani yana kashe ƙwayar cuta ko yaushe aka fara shi, amma ba ya mayar da jijiyar da ta riga ta mutu. Wanda ya zo da wuri yakan warke ba tabo, ba wanda zai taɓa sanin ya yi. Wanda ya ɓoye shekara uku shi ne muke gani da dungu.

To me ke sa mutum ya ɓoye? Mu ne. Mace ta ga tabo a bayanta ta san in maganar ta fita ba mai sake sayen kokonta, kishiya za ta samu abin faɗa, a fasa auren 'yarta, mai gidan haya ya ce yana son ɗakinsa. Sai ta rufe da mayafi ta yi shiru, alhali barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Shi ya sa ban yarda a ce tausayi ƙari ne da ake yi bayan magani ba. A wannan cuta, sakin fuskar maƙwabta shi ne ke kai mutum asibiti tun yana da yatsunsa goma. Magajiyar da ta tsaya a layinta ta ce wance tana shan magani, rumfarta tana nan, ni zan fara saye, ta yi aikin da allura ba za ta yi ba. Haka liman, haka Fada, idan suka zauna kusa da wanda ya warke a gaban jama'a.

Alamar farko tabo ne a fata wanda ya fi sauran jiki haske ko ya yi ja-ja, ba ya ƙaiƙayi, ba ya zafi. Sau da yawa akan ɗauke shi ƙyasfi ko makero, a yi ta shafa mai wata da watanni. Bambancinsa shi ne ba ya ji. A sa mutum ya rufe ido a taɓa wurin da ɗan auduga. In bai san an taɓa ba, kada a kwana biyu ba a je asibiti ba. Haka nan idan hannu ko ƙafa na yin dindiris, ko yatsu sun rasa ƙarfin riƙe allura ko maɓalli, ko ido ba ya rufuwa sosai, ko an ga ƙulli a fatar kunne. Ku je Babban Asibitin Mamobi ko cibiyar lafiya ta gwamnati mafi kusa, ku ce kuna son a duba muku fata. Maganin kuturta kyauta ne, amma yana da kyau katin inshorar lafiya ya kasance da rai saboda sauran abubuwa. Ana sabunta shi ta waya a *929#. In an tabbatar da cutar, a kawo mutanen gida a duba su. Wannan ba tonon asiri ba ne, kariya ce gare su.

Wanda ya fara magani zai ga fitsarinsa ya yi ja a ranar da ya sha babban kaso na wata, fatarsa kuma tana iya yin duhu. Duka biyun daga maganin ne, kuma suna wucewa. Amma in zazzaɓi ya taso da ƙuraje a jiki, ko ido ya yi rawaya, ko jijiya ta kumbura tana zafi, a koma asibiti a ranar, kada a jira ranar kasuwa ta wuce.

Saura ku matafiya, masu albasa da goro da atamfa, waɗanda wata guda bai cika samunku a gari ɗaya ba. Yau kuna Aflao, jibi Lome, mako mai zuwa Maradi ko Kano. Maganin da aka yanke a tsakiya shi ne babbar asara, domin tabo yakan dushe tun ƙwayar ba ta mutu ba, mutum ya zaci ya gama. Kafin ku ɗaura kaya, ku gaya wa ma'aikacin lafiyar da ke ba ku magani ranar tafiya da tsawon zama, don ya tsara muku abin da zai ishe ku. Ku riƙe katinku tare da takardun tafiya, ba cikin buhun kaya ba. Irin wannan haɗin magani shi ake bayarwa a Togo da Benin da Burkina Faso da Nijar da Najeriya. A Najeriya ku tambayi inda ake ba da maganin tarin fuka, domin ofishi ɗaya ne ke kula da cututtukan biyu, kuma babbar cibiyar horar da ma'aikatansu tana Saye, kusa da Zariya.

Mai tambayar da ba ya son ya yi ta a bainar jama'a, ya tsaya bayan an tashi, za mu keɓe. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya ba da kasuwa.