Karatu Dabam, Ganewa Dabam



Bari mu duba Ayyukan Manzanni sura 8. Ga babban mutum, ma'ajin sarauniyar Habasha, yana komowa daga Urushalima, yana karanta annabi Ishaya cikin karusarsa. Ya iya karatu, ya san kalmomin. Abin da ya rasa shi ne wanda annabin yake magana a kansa, sai da Filibus ya hau ya zauna kusa da shi, ya nuna masa Yesu. A Matiyu 13 kuwa, irin da ya faɗi a bakin hanya da wanda ya faɗi a ƙasa mai kyau duka sun ji Maganar. Ganewa ce ta raba su. Kalmar Helenanci da Matiyu ya yi amfani da ita, asalinta shi ne haɗa abubuwa wuri ɗaya. Wato mutum ya gane sa'ad da abin da ya ji ya haɗu da abin da ya sani, ya kuma haɗu da zamansa.

Wannan ya shafe mu ƙwarai. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, muna godiya ga Allah. Amma da yawa cikinmu da Tangale, ko Ngas, ko Bura, ko Bajju aka goye su, Hausarsu ta kasuwa ce. Ku ɗauki kalmar fansa. A kan bagade muna nufin Kristi ya biya da jininsa domin ya 'yantar da mu. Saurayin da aka ƙone gidansu kuwa, fansar da yake ji a unguwa ita ce wadda ake ɗauka, wato ramuwa. Yana iya cewa amin da ƙarfi, ya fita da akasin wa'azin a zuciyarsa.

A Nehemiya 8, da Ezra ya karanta Shari'a tun safe har tsakar rana, Lawiyawa ne suka yi ta bayyana ma'anarta ga jama'a. Dattawa, wannan aikinku ne. A ajin baftisma kada hadda ta ishe ku. Wanda ya kawo amsa daidai, ku ce ya sake faɗinta da harshen gidansu, ya kuma faɗi abin da za ta sa ya daina yi. In ya kasa, kada ku kunyata shi. Ku samo wanda yake jin harshensa, ya zauna da shi kafin aji na gaba.