BINCIKEN LIKITOCI A KAN YARON DA KE TSAKANIN RAI DA MUTUWA: TSORONSA KO GYARANSA?

 

Da farko ina neman afuwar likitocin da ke cikinmu, domin ni ba likita ba ne, ma'aikacin gwamnati ne, fayil da biro na sani. Abin da ya ba ni ƙarfin halin tsayawa gabanku shi ne wani dare da na kwana a tsaye a ɗakin gaggawa na yara, wanda ya sa na shiga karance-karancen da ban taɓa zato ba.

Wata damina, shekaru kaɗan da suka wuce, muka kai ziyara gida Argungu da iyali. 'Yar farina, wadda kunya ba za ta bar ni in kira sunanta gaban malamaina ba, tana shekara uku a lokacin. Zazzaɓi ya kama ta, muka yi ta jinkiri muna cewa na canjin ruwa ne. A dare na uku sai ta fara taune-taune, idanu suka kakkafe. Muka sure ta sai wani asibiti. Aka ɗiba jini, aka ce zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani, aka yi mata allura a jijiya, aka ɗaura ruwa yana ɗiga kamar ba ya so. Inna ta dube ni ta ce, "Kai da ka yi boko, ka ce su buɗe ruwan nan mana, yarinya ta bushe." Na tasar wa likita da faɗa. Ya bari na gama, sannan ya ce, "Malam, da gudawa take yi da na buɗe. Wannan ciwon, in na tuttula mata ruwa ina iya cutar da ita. Ka yi haƙuri." Na fita ina huci, ina ganin rowar ruwa yake yi. Cikin ikon Allah, bayan kwana biyu ta buɗe ido ta nemi kunu.

Daga baya na gano abin da likitan nan ya dogara da shi. Shekara da shekaru ana koyar da cewa yaron da zazzaɓi ya galabaita, jininsa ba ya zagayawa sosai, a ɗura masa ruwa mai yawa cikin sauri. Kowa ya yarda, don kuwa yaron kan ɗan farfaɗo nan take. Sai wasu likitoci ƙarƙashin Farfesa Kathryn Maitland suka gwada abin a asibitoci shida na Uganda da Kenya da Tanzaniya, a kan yara 3,141. Binciken, wanda ake kira FEAST, dole aka tsayar da shi a 2011 tun bai kai ƙarshe ba. Dalili kuwa, cikin sa'o'i 48 na farko kimanin kashi 10 da rabi cikin 100 na waɗanda aka ɗura wa ruwan sun rasu, alhali waɗanda aka bi a hankali kashi 7 da 'yan kai ne. Wato abin da ake yi da niyyar ceto yana ƙara kashe yara uku a kowane ɗari, ba wanda ya lura sai da aka ƙidaya. A kula fa, binciken bai haɗa da masu gudawa da amai ba. Su kam ƙarin ruwa shi ne maganinsu.

Ita ma allurar da aka yi wa yarinyar tana da tarihi. Da can kwinin ake ba mai zazzaɓi mai tsanani. A 2010 aka fitar da sakamakon wani bincike mai suna AQUAMAT, a kan yara 5,425 a ƙasashe tara na Afirka, har da Ilori a nan Nijeriya. Cikin waɗanda aka ba kwinin kashi 10.9 cikin 100 suka rasu, waɗanda aka ba atesunat kuwa kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa atesunat a gaba wajen yi wa yara magani. Ashe iyayen da ban sani ba, a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, su ne suka amince aka gwada a kan 'ya'yansu, ni kuma na ci moriya a Argungu.

To, na san abin da ke ran wasunmu: ai mun ga irin wannan gwaji a Kano. Gaskiya ne, kuma wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu. A 1996, lokacin annobar sanƙarau da ta hallaka dubban mutane a Arewa, kamfanin Pfizer na Amurka ya gwada maganinsa Trovan a Asibitin Cututtuka Masu Yaɗuwa na Kano. Yara kimanin 200 aka sa a ciki, rabi aka ba su sabon maganin, rabi wani sananne. Yara 11 suka rasu, wasu suka nakasa. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce an nemi izni, kuma cutar ce ta yi ɓarnar. Aka yi ta shari'a har 2009, lokacin da aka sasanta da Gwamnatin Jihar Kano a kan dala miliyan 75. Amma amana ta riga ta karye, kuma wannan na cikin abubuwan da aka riƙa ambata sa'ad da aka ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003.

Darasin Kano a ganina shi ne, binciken da aka yi a bayan idon iyaye zalunci ne, ko da me ya haifar. Amma guje wa bincike baki ɗaya shi ma yana da gawarwakinsa, sai dai ba a ƙidaya su. Da ba a yi FEAST ba, da har gobe ana tuttula ruwa ana cewa kwana ne ya ƙare. Kwana kan ƙare, haƙiƙa, amma addininmu ya umurce mu da neman magani, neman magani kuwa ya haɗa da sanin wanne ne ke aiki.

Kada kuma mu ɗauka bincike baƙo ne a ƙasar Kabi. A 1954 aka fara wani aikin gwaji na yaƙi da zazzaɓin cizon sauro a yankin Birnin Kebbi, ana feshi gida-gida. Ba a daɗe ba masu binciken suka tarar sauron Ambursa ya daina jin maganin dildirin, labarin da ya shiga littattafan masana na duniya. Amma duk da haka, ƙidayar ƙasa ta 2021 ta nuna kashi 49 cikin 100 na ƙananan yaran Jihar Kebbi na ɗauke da ƙwayar cutar, mafi yawa a duk Nijeriya. Fadamar Rima da ke ba mu shinkafa da kifi ita ke kiwon sauro. Shi ya sa a Disamba 2024 aka fara rigakafin zazzaɓin da jihohin Kebbi da Bayelsa. In akwai inda ya kamata a san yadda ake ceto yaro mai taune-taune, to nan ne.

Saboda haka ina roƙon wannan ƙungiya abu uku.

Na ɗaya, mu zama masu fassara wa danginmu. Tun 2007 Nijeriya ke da ƙa'idar binciken lafiya a rubuce. In aka zo da takarda a ce uba ya dangwala yatsa, yana da haƙƙin ya tambaya: wane kwamiti ne ya amince da aikin? Mene ne hatsarinsa? In na ƙi, za a ci gaba da yi wa ɗana magani? Amsar ta ƙarshe wajibi ne ta zama i. A karanta masa da Hausa, a gaban shaida, ba cikin ruɗewa ba.

Na biyu, mu sa hannu a aljihu. Kulawa ta musamman ba sai da manyan injuna take farawa ba. Akwai 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa, tana nuna yawan iskar oksijin a jini. In ta sauka ƙasa da 90 yaro na bukatar iskar nan take, ko da ido bai gane ba. Ina ba da shawara a kafa kwamiti, da likitocinmu a ciki, ya zagaya ɗakunan yara na Birnin Kebbi da Argungu ya ji bukatarsu, mu sayi irin wannan na'ura da injin tace oksijin mai aiki da hasken rana, kafin damina mai zuwa. Ni zan fara da abin da ya sawwaƙa daga albashin wannan wata.

Na uku, mu da ke ofisoshi mu daina ɗaukar rubuta bayanan marasa lafiya a matsayin aikin banza. Malamanmu na lissafi sun sha gaya mana a nuna aiki, ba amsa kawai ba. Asibitin da bai san yara nawa ya kwantar ba, nawa suka tashi, me ya ci sauran, ba zai iya gyara kome ba.

Daga ƙarshe, na koma na nemi gafarar likitan nan, ya yi dariya ya ce ya saba. Inna kuwa har yau tana cewa addu'arta ce ta tashi jikanyarta, ni ma ban musa ba.