Sankarar Baki da Shirin Barin Taba



Batun da aka ɗora mini yau shi ne sankarar baki, watau ciwon dajin da kan kama leɓe, ko harshe, ko dasashi, ko ganɗa, ko cikin kunci, da kuma yadda gano shi ke da nasaba da shirin mutum na barin taba. Zan tsaya a kan Fagge da Sabon Gari, domin wurare ne da kowannenmu ya sani.

Duk wanda ya ratsa Kantin Kwari ko kasuwar Sabon Gari da yamma ya san teburin mai sigari a gefen mai shayi, inda ɗan dako ko ɗan kamasho kan tsaya ya sayi kara ɗaya. Dokar ƙasa ta 2015 ta hana sayar da sigari kara-kara, ta kuma hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba. To, amma doka tana cikin takarda, tebur kuwa yana bakin titi. Ban da sigari, akwai dattawan da ke cusa garin taba da kanwa a bayan leɓe, ga kuma shisha da ta shiga samari. Inda aka haɗa taba da barasa, haɗarin yakan ninka. Binciken da aka yi a Nijeriya a 2012 ya nuna kashi 10 cikin 100 na maza baligai suna amfani da taba, mata kuwa wajen kashi 1.

A 2022 an ƙiyasta mutum kusan 390,000 ne suka kamu da sankarar leɓe da baki a duniya, wajen 188,000 suka rasu. Abin takaici shi ne, wannan ciwo yana cikin 'yan kaɗan ɗin da ido ke iya gani tun suna ƙanana. Huhu a ɓoye yake, amma baki, da madubi da fitila an gama. Alamunsa su ne gyambon da ya haura mako biyu ko uku bai warke ba, ko farin tabo ko ja wanda ba ya gogewa, ko ƙullutu a wuya. Da yawa ba sa zafi da farko, shi ya sa mai su kan zarce kemis ya sayi magani, ya ce zafin ciki ne ya fito masa a baki, har watanni su shuɗe.

A jihar Kerala ta Indiya an gwada wannan magana tun daga 1996. Aka horar da ma'aikatan lafiya, ba likitoci ba, suna bi gida-gida suna duba bakin mutane, aka bar wasu yankuna ba a duba ba domin kwatantawa. Sakamakon da aka buga a mujallar Lancet a 2005 ya nuna mutuwa daga sankarar baki ta ragu da wajen kashi 34 cikin 100 a tsakanin masu taba ko barasa. (Mutanen can suna tauna wani ɗan itace da ake haɗawa da taba, kada a rikita shi da goronmu, itace ne daban.)

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. An duba bakin mutum, sai me? A farkon shekarun 1980 wasu masana biyu a Amurka, Prochaska da DiClemente, suka nazarci mashaya sigari, suka ce barin taba hawa-hawa ne. Akwai wanda abin bai taɓa zuwa masa a rai ba, akwai mai tunani yana ja da baya, akwai wanda ya ɗaura niyya, sannan wanda ya bari yana fama kada ya koma. Wasu masana sun soki wannan rabo, suna cewa mutane da yawa rana ɗaya suke yar da kwalin ba tare da wani shiri ba. Duk da haka ina ganin akwai abin ɗauka a ciki: maganar da za ta amfani mai niyya ita ce za ta harzuƙa wanda bai fara tunani ba. Mu kuwa wa'azi iri ɗaya muke yi wa kowa, galibi da gori.

Tun a 1979 aka gwada a Landan, aka ga mashayan da likita ya yi wa 'yar gajeriyar shawara, ya ba su takarda, ya ce zai sake tambayarsu, wajen kashi 5 cikin 100 sun bari har shekara guda, alhali waɗanda ba a yi wa magana ba ko kashi 1 ba su kai ba. Kashi 5 kamar ba kome, amma a lissafa shi a kan jama'ar Fagge. A ganina, lokacin da mutum ya buɗe baki aka miƙa masa madubi ya ga tabon da idonsa, babu lokacin da ya fi wannan dacewa da shawarar. Sai dai akwai tarko: wanda aka duba ba a ga kome ba yana iya ɗauka an ba shi lasisin ci gaba. Wajibi ne a gaya masa cewa taba tana taɓa huhu da zuciya, inda fitila ba ta kaiwa, a kuma gaya masa cewa shekara 5 zuwa 10 bayan bari, haɗarin sankarar baki kan ragu da rabi.

Shawarata ga wannan ƙungiya ita ce mu nemi 'yan'uwanmu masu karatun likitan haƙori a Jami'ar Bayero, tare da malamansu, mu kafa rumfa a kasuwa gab da watan azumi, lokacin da mashayi zai wuni bai kunna ba, ya ga ashe yana iyawa. Amma kafin a kafa rumfar, a fara daidaitawa da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, domin duk wanda aka ga tabo a bakinsa ya san ranar da zai je a yanki ɗan nama a duba, da abin da zai biya. Ba a tabbatar da sankara da ido kaɗai.