Me Ya Sa Aka Ƙone Hus, Luther Ya Tsira?



Da aka ce in yi jawabi a yau, sai na tuna wata tambaya da malaminmu na tarihi ya yi mana muna aji huɗu. Ya ce a 1415 an ƙone Jan Hus da ransa a garin Constance saboda sukar shugabannin cocin Rum. A 1517 Martin Luther ya yi irin wannan suka a Jamus, amma sai a 1546 ya mutu a kan gadonsa. Me ya bambanta su? Na ɗaga hannu na ce sa'a, aji ya fashe da dariya. Ranka ya daɗe, yau na zo in gyara amsata.

Tun da fari, ba aƙida na zo tattaunawa ba. A zauren nan akwai Musulmi akwai Kirista, kowa da malamansa. Luther ya yi imani da abin da ya faɗa. Tambayata ita ce, wa ya tsaya masa, kuma don me?

Rikicin ya tashi ne a kan kuɗi. Albrecht, babban bishop na Mainz, ya ci bashi wajen attajiran gidan Fugger don biyan kuɗin muƙaminsa. Sai aka ba shi izinin sayar da takardun sassaucin horon zunubi, wani kaso ya biya bashin, wani a kai Rum don ginin cocin Waliyyi Bitrus. Sarakunan Jamus kuwa sun daɗe suna ƙorafin yadda dukiyar ƙasarsu ke kwarara zuwa Italiya. Da Luther ya fito da batutuwansa 95, ya tarar da kunnuwa a buɗe.

Sarkinsa, Frederick na Saksoni, shi ya kafa jami'ar Wittenberg a 1502, inda Luther ke koyarwa, kuma ba ya son a ɗauke masa malami a kai Rum shari'a. Yana kuma cikin mutum bakwai masu zaɓen sarkin daula. Da gadon ya zama babu kowa a 1519, Fafaroma Leo na 10 na neman ƙuri'arsa don hana Charles na Sifen hawa, saboda haka aka yi ta jan ƙafa a kan shari'ar Luther. Mu ma'aikatan gwamnati mun san yadda fayil ke kwana a tebur idan babba na da ruwa a ciki. Bayan majalisar Worms ta 1521, inda aka halatta kama Luther, mutanen Frederick suka ɓoye shi a gidan sarauta na Wartburg.

Charles na 5 ya hau gadon, kuma ya so murƙushe lamarin, amma hannunsa a cike yake. Ga yaƙi da Faransa, ga Turkawan Santambul da suka ci Hangari a 1526, suka yi wa Biyana ƙawanya a 1529. Yana bukatar sojoji da kuɗin sarakunan Jamus. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A 1529 ɗin ne wasu sarakuna da birane suka rubuta ƙin amincewarsu a majalisar Speyer, daga nan sunan Furotesta ya samo asali.

Sauran sarakuna suka ga riba. A 1527 Gustav Vasa na Siwidin, wanda bashin yaƙi ya yi wa katutu, ya sa majalisa ta ba shi iko a kan dukiyar coci. A Ingila, Henry na 8 ya rubuta littafi yana sukar Luther a 1521, har Fafaroma ya ba shi laƙabin mai kare addini. Amma da ya nemi a raba aurensa da Catherine don neman magaji namiji, Fafaroma ya ƙi, ga shi kuma matar 'yar'uwar mahaifiyar Charles ce. A 1534 Henry ya zama shugaban cocin Ingila, daga 1536 zuwa 1540 ya rufe gidajen sufaye ya kwashe filayensu.

To talaka fa? Manoman Jamus da suka yi tawaye a 1524 da 1525 sun zaci sabon wa'azin zai rage musu haraji da aikin tilas. Luther ya bi bayan sarakuna, aka kashe dubun-dubatarsu. Sulhun Augsburg na 1555 ya bai wa kowane sarki damar zaɓa wa ƙasarsa ɗarika, wanda bai yarda ba ya kwashe kayansa ya ƙaura.

Kada mu ce kowa riba ya bi. Thomas More ya ba da wuyansa a 1535 don ya ƙi amincewa da Henry, an kashe William Tyndale a 1536 bayan ya fassara Sabon Alkawari zuwa Turanci. Masu imani sun biya da rai, masu mulki suka samu ƙasa da iko.

Saboda haka, Malam, ga amsata: sarkin da ya ba Hus alkawarin kariya ya sake shi, sarkin Luther kuwa yana da dalilin riƙe shi. Mu da muke riƙe da ofisoshi a yau, idan muka ga mai mulki ya rungumi wata da'awa ta addini, ya kamata mu tambaya me zai samu, kuma wa zai biya.