Kafin Tifa Ta Juye: Jawabi Kan Sayen Yashi, Tsakuwa Da Ƙasa



An nemi in yi magana a kan sayen yashi da tsakuwa da ƙasar ciko, tun da yawancinmu yanzu kowa ya kama ɗan fili a bayan gari, wani a Kuje, wani a Kwali ko Gwagwalada, wani can wajen Bwari. Tun da aka dawo da gwamnati Abuja ran 12 ga Disamba, 1991, filin cikin gari ya fi ƙarfin talaka, sai ƙauye. To, a ƙauyen kai ne injiniya, kai ne mai gadi. Ni ba injiniya ba ne, magini ne da ya tsufa a kan aikin, kuma maganata ɗaya ce: duk binciken da za ka yi, ka yi shi kafin tifa ta ɗaga bodi. In ta juye, kaya ya zama naka.

Bari in fara da yashi. Iri biyu ne. Akwai mai kaushi, na kogi, shi ake buga bulo da zuba kankare da shi. Akwai mai laushi, wannan na filasta ne. Babban abokin gabar siminti shi ne laka, don tana hana shi kama yashi. Gwajin ba wuya. Ka damƙi yashin da ɗan danshi ka murza; in ya ɓata maka tafin hannu, akwai ƙasa a ciki. In kana son tabbaci, ka zuba shi rabin kwalba, ka cika da ruwa, ka girgiza, ka ajiye 'yan sa'o'i. Yashi zai kwanta a ƙasa, laka ta hau kansa. In kaurin lakar ya kai kashi 1 cikin 10 na tsawon yashin, ka ce wa direba ya koma da abinsa.

Ni kaina abin ya taɓa cin ni. Na sayi tifa biyu da araha, aka kawo da magariba, ban duba ba. Bulon da muka buga, damina ɗaya ya fara zubewa kamar garin kwaki. Katangar da na yi sau biyu ke nan. Araha dai ba ta ado.

Sai tsakuwa. Allah Ya hore wa yankin nan dutse, kuma Mpape ta yi suna wajen fasa shi. Dutsen inji shi ne na ginshiƙi da dakin da lintal, saboda yana da tsini, yana riƙe siminti. Wanda aka fi amfani da shi shi ne mai girman uku bisa huɗu na inci; mai rabin inci yana shiga inda rodi ya yi yawa. Tsakuwar da ake tonowa a rafi ta fi sauƙin kuɗi, amma sai an tankaɗe an wanke, kuma ni ban yarda a ɗora bene a kanta ba. Haɗin da aka saba shi ne 1:2:4, wato buhun siminti ɗaya mai kilo 50, kwanon sarki 4 na yashi, 8 na tsakuwa. Da wannan lissafi za ka san yawan abin da za ka saya. A tuna kuma, kaya kan yanke. A watan Satumba na 2018, da ƙasa ta yi motsi a Mpape, hukuma ta dakatar da fasa dutse a wajen na wani lokaci. Saboda haka kada ka sa ranar zuba dakin sai tsakuwarka ta cika a ƙasa.

Ƙasa kuwa, kowace da aikinta. Burji, wato jar ƙasar nan mai tsakuwa-tsakuwa, ita ce ta cikon ɗaki da gyaran hanya. Baƙar ƙasa ta lambu ce, kada ta shiga ƙarƙashin daɓe, don tana ruɓewa ta lotsa. Kuma ba a ciko gaba ɗaya. A zuba kamar inci 6, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara.

To, yanzu batun kawowa, nan ne ake yawan rigima. Kalmar "tifa ɗaya" ba ma'auni ba ce. Akwai mai taya 6, akwai mai taya 10, kuma bodinsu ba ɗaya ba. Tsakuwar inji da tan ake sayar da ita, saboda haka ka nemi takardar sikeli. Yashi da burji kuwa, ka hau ka leƙa da idonka, gani ya kori ji. Ku yi ciniki a fili: kuɗin kaya nawa, na mota nawa, wa zai biya in an tare hanya ana karɓar kuɗin gari. Kada ka biya duka sai kaya ya iso, kuma kada ka karɓi kaya da dare.

Har ila yau, a duba hanya. Ruwan Abuja daga Afrilu ne zuwa Oktoba, kuma tifa mai tan 20 in ta kafe a hanyar gona, kuɗin jawo ta sai ya fi na kayan. A tara kaya tun da rani. A share wurin juyewa, a raba yashi da tsakuwa, kada a toshe magudanar ruwa ko ƙofar maƙwabci.

Abu na ƙarshe ya shafi zamanmu. Yashin nan daga bakin kogin Usuma da ƙananan rafuka ake ɗebo da yawansa, kusa da gonakin Gbagyi da sauran waɗanda muka tarar a nan. In aka kwashe gaɓa, ruwa ya ci gonar mutum, ba direba zai tuna ba, zai ce ginin Bahaushe ne. Mu riƙa tambayar inda aka ɗebo, kuma ko da izinin masu wurin.

Shawarata ga ƙungiya ita ce, masu gini a layi ɗaya su riƙa haɗa kuɗi su sayi babbar tifa su raba, sannan sakatare ya buɗe littafi na direbobin da aka gwada aka ga amanarsu. Wanda kuma yake son in je in duba masa kaya, ya same ni bayan taro, ba na karɓar ko kwabo.

 Allah Ya sa mu gama gininmu lafiya, mu shiga da ƙafar dama. Wassalam.