Jawabi a Taron Ƙungiya: Zaman Baƙunci a Bakin Teku



Ga kaka ta yi, gero ya shiga rumbu, an fiɗɗa gujiya. Kowa ya san abin da ke biye a ƙasar Matamaye da Kance: samari su kama hanyar cin rani, wasu Kano, wasu Aljeriya, wasu bakin teku. Shi ya sa shugabanni suka ce mu faɗi abin da muka gani a kakar 2015, lokacin da muka gama makarantar malamai muna jiran a ba mu aji, muka bi yayanmu Gana. Wata huɗu muka yi a wani ƙauyen masunta kusa da Anomabo, gabas da Kef Kwas, cikin ƙasar Fante.

Abin da ya fara ba mu mamaki shi ne ruwan sama. Mun baro gida ana girbi, muka tarar can ana damina ta biyu, wadda take kamawa daga Satumba zuwa Nuwamba. Tufa ba ta bushewa, gishirin iska yana cin ƙarfe, sauro kuwa ba a magana. Wanda zai tafi ya riƙe gidan sauro.

Kwana goma na farko ba wanda ya kula mu. Mun kasa kayan koli a bakin hanya, ana wuce mu kamar kututture. Wani dattijo Bahaushe da muka gamu da shi ranar Juma'a a zangon Kotokuraba, cikin Kef Kwas, ya tambaye mu: "Yara, kun gai da masu gari?" Muka ce a'a. Ya ce: "To, ta katanga kuka shiga." Washegari ya raka mu wurin sarkin garin da sarkin masunta, ya faɗi sunanmu da na ubanmu da garinmu. Daga ran nan muka zama baƙin wani, aka san inda za a kai ƙararmu da inda za mu kai tamu.

Sa'an nan muka koyi dokokinsu. Ranar Talata ba a shiga teku, ranar ɗinkin koma ce. Ko ba ka yarda da dalilinsu ba, ka kama bakinka. Da safe in jirage sun dawo, kowa yakan kama igiya a jawo su tudu, kamar gayya a gonakinmu. Ranar da muka tuɓe takalma muka kama igiya, aka ba mu kifi, matan da ke banda shi suka fara saye a wurinmu. Ashe ma Bahaushe ya riga mu zuwa: kokonmu ake sha da safe, shinkafa da wake kuma sunanta wace, daga kalmarmu ta wake. Amma a kiyayi teku. Wanda ya koyi iyo a tafki kada ya gwada, igiyar ruwa tana janye mutum ta ƙarƙashi.

Saura maganar takarda. Dattawa sun tuna Nuwamba 1969, da gwamnatin Busiya ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Gana, da kuma 1983 da Najeriya ta yi irin haka. A 29 ga Janairu 2025 ƙasarmu ta fita daga CEDEAO. Saboda haka kada kowa ya tashi sai da cikakkar takardar shaida da katin allurar shawara.

Roƙonmu uku ne. Mai tafiya ya rubuta sunansa da na mai masaukinsa wurin magatakardan ƙungiya. Kada a ɗauki ɗan lakwal a tafi da shi, don Oktoba ake komawa aji, kuma ba mu manta da mutum 92 da ƙishirwa ta kashe a hamada bayan Arlit a Oktoba 2013 ba, yawancinsu mata da yara, da dama daga nan yankinmu. Na uku, a dawo kafin shuka.

Allah ya kai ku lafiya, ya maido ku da alheri. Wassalam.